Auren jinsi haramun ne, ƙazafi ma haramun ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san maganar da na zo da ita mai nauyi ce, kuma akwai waɗanda za su yanke mini hukunci tun ba su kai tsakiyarta ba. Ni tela ne. Shekara 34 ina taka keke, kuma duk tsawon wannan lokaci rediyona a kunne yake daga hantsi har isha'i. Ɗan abin da na sani na duniya daga nan na tsince shi, da kuma jaridu irin taku. Na addini kuwa a zauren malaminmu na samo shi, Allah Ya jiƙansa, inda muka yi shekaru muna ɗaukar karatu bayan asuba har muka sauke Risala.

Matsayina a kan auren jinsi a fili yake. Ban yarda da shi ba, kuma ba na fatan Allah Ya nuna mini ranar da za a halatta shi a ƙasar nan. Auren da na sani shi ne na namiji da mace, da waliyyi da sadaki da shaidu, a shafa fatiha a raba goro. Ƙissar mutanen Annabi Luɗu tun ina riƙe da allo nake jin ta. Maƙwabcin shagona, wani Kirista mai gyaran kekunan ɗinki, in aka taɓo zancen har ya fi ni zafi. Shi ne ma ya ba ni labarin yadda cocin Anglika na Najeriya ya ja daga da takwaransa na Amurka tun 2003, lokacin da aka naɗa bishop mai zaman tare da namiji ɗan'uwansa. A kan wannan babu saɓani tsakanina da mafi yawan masu karanta jaridar nan. Abin da ya hana ni barci har na ɗauki biro shi ne abin da muke yi wa junanmu da sunan yaƙi da auren jinsi, domin na gan shi da idona a ƙofar shagona.

Ina da wani yaro, ba zan kama sunansa ba. Uwarsa ce ta kawo mini shi yana ɗan shekara 13, bayan ubansa ya rasu ya bar ta da 'ya'ya shida, shi kaɗai ne namiji a ciki. Ya fara da shara da hura gawayin dutsen guga, ya koma sa maɓalli da kalmasa, har ya kai ga riƙe almakashi. Allah Ya ba shi hannu a ɗinkin mata. In ya yanka riga da siket ba a dawo da ita gyara, har ta kai matan unguwa in sun aiko da atamfa sai su ce shi suke so ya yanka. Muryarsa siririya ce, ba ya hayaniya, ba ya zuwa filin ƙwallo, kuma wanda ya tashi cikin mata biyar dole wani abu na maganarsu ya kama bakinsa. Samarin layi kan tsokane shi da ɗan daudu, ya yi murmushi ya wuce. Shekara tara muna tsayuwa sahu ɗaya a masallaci. An kai masa kuɗin gaisuwa gidan wata yarinya, an sa rana bayan damina, kayan lefensa ma da kansa yake ɗinka su da dare in mun tashi daga aikin mutane.

Makonni kaɗan bayan Babbar Sallar 2024, wani abokinsa tun na firamare ya gama difloma ya shirya 'yar walima. Su takwas suka yi anko na farar shadda, ni na yanka ta da hannuna. A wurin aka ɗauki hotonsu, shi da mai walimar suna riƙe da wuƙa ɗaya za su yanka kek, sauran abokai na tsaye kewaye da su. Sai wani, wanda har yau bai fito ya ce shi ne ba, ya datse sauran mutanen daga hoton, ya rubuta a ƙasa cewa an ɗaura auren jinsi a garinmu, ya jefa a WhatsApp. Kafin azahar ta washegari hoton ya shiga wayar kowa.

Ka tuna, Malam Edita, a kwanakin ne ƙasa ta ɗauki zafi kan Yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai. A masallatai da majalisun shayi ba a zancen komai sai cewa gwamnati ta sayar da mu ga masu auren jinsi. Ran mutane a ɓace yake, suna neman inda za su sauke fushinsu.

Bayan la'asar suka zo. Samari ne, wasu da gora, wasu da duwatsu, da yawansu na ɗinka musu kayan Sallah tun suna yara. Na tura shi ɗakin ciki inda muke ajiye yadi, na tsaya a bakin ƙofa, ƙafafuna na rawa. Na ce musu, a cikinku wa ya je wurin? Babu. Wa ya ga an ɗaura aure, wa ya ji an ambaci sadaki? Babu. Suka ce ai ga hoto. Na ce shaddar da ke jikinsu ni na yanka, mutum takwas na auna, ku je ku tambayi sauran shidan. Wani dattijo da ke gefe, mutumin da nake ganin girmansa, ya ce, "Malam tela, ruwa ba ya tsami banza." Wannan kalma ta fi dutsen da ya fasa mini taga ciwo. Da Allah bai kawo mai unguwa da limaminmu a kan lokaci ba, da yau wata wasiƙar nake rubuta maka.

Kwana uku bayan nan iyayen yarinyar suka dawo da kuɗin gaisuwa. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma tsoron bakin duniya suke. Abokin nasa kuwa wata baƙuwar lamba ta kira shi, aka ce ya turo naira dubu 50 ko a sake sakin wani hoton. A ƙarshen makon yarona ya hau motar albasa cikin dare ya yi Kudu. Yanzu yana can yana yawo da ƙaramin keke a kafaɗa, yana kaɗa almakashi layi-layi yana facin wanduna, mutumin da amare ke bin layi a kansa. Uwarsa mai ƙosai ce, ta yi wata biyu tana komawa gida da ƙullu. Ƙanwarsa ma manemin da ta samu ya janye.

Zuciya Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinta. Amma hukuncin da ke kan harshe an rubuta shi, kuma mun karanta. A Risala, littafin da babu zauren da ba a karanta shi a ƙasar Hausa, a babin haddodi, an faɗa ƙarara cewa wanda ya ce wa mutum ɗan luwaɗi, a yi masa haddi. A wurin ne kuma aka ce ko da habaici ya yi, haddin na kansa. Haddin ƙazafi bulala tamanin ne, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratun Nur, kuma ayar ta ƙara da cewa kada a sake karɓar shaidarsa. Kafin a tabbatar wa mutum wannan laifi a mazhabarmu, sai ya yi iƙirari da bakinsa, ko a samu shaidu huɗu adalai da suka gani da ido. Hoton waya da aka datse bai kai ko rabin shaida ɗaya ba. Da za a tsayar da wannan haddi a kan duk wanda ya tura hoton nan gaba, da mutane da yawa a unguwarmu, har da waɗanda ba sa rasa sahun farko, sun kwanta an tsula musu tamanin-tamanin. Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Ita ce kuma ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Littafin da ya ba mu ƙissar Annabi Luɗu shi ne ya ba mu waɗannan ayoyi. Me ya sa muka riƙe ɗaya da ƙarfi muka saki ɗaya?

Sannan ina so mu tambayi kanmu, wace muhawara ce ma ake yi a Najeriya kan halatta auren jinsi? Ni dai a iya sauraron da nake yi, an rufe wannan babi da daɗewa. Tun zamanin Obasanjo, a 2006, aka fara gabatar da ƙudirin haramta shi. Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta amince da shi a Nuwamban 2011, ta Wakilai ta bi sahu a Mayun 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014. Dokar ta yanke ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya shaida ko ya taimaka, shekara 10 ga mai kafa musu ƙungiya ko shiga cikinta. Tun kafin ita ma Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, ta tanadi shekara 14 a kan luwaɗi, ga kuma dokokin shari'a na jihohi 12 da Zamfara ta yi wa jagora. Ƙofar da aka sa wa kwaɗo uku ce muke kwana muna gadi, har muna dukan masu wucewa.

Ƙasashen da suka halatta shi, a rediyo muka bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wadda aka shigar mata da shi ta taga cikin dare. Holan ce ta fara a 2001, majalisarta ce ta yi doka. Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ce a nahiyarmu, tsarin mulkinta na 1996 ne ya buɗe hanya, kotun tsarin mulki ta ba majalisa wa'adin shekara guda a 2005, aka yi dokar a 2006. A Faransa an yi ta a 2013 bayan dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Paris suna adawa. A Amurka alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli ne suka yanke a Yunin 2015, huɗu suka ƙi. Ailan ƙuri'ar raba gardama ta yi a wannan shekarar, kashi 62 cikin 100 suka amince. Indiya kuwa da aka kai maganar Kotun Ƙolinta a 2023, cewa ta yi wannan aikin majalisa ne, ta ƙi halattawa. Ko'ina ka duba, majalisar ƙasar ce, ko kotunta, ko akwatin zaɓenta, da rana tsaka, bayan shekaru ana ja-in-ja.

To mu a nan, sai an bi ta kan sanatoci 109 da wakilai 360 an soke dokar 2014. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce babu wata yarjejeniya da Najeriya ta ƙulla da waje da za ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Da an karanta wa mutane wannan sashe da Hausa a Yulin 2024, da wutar ba ta kai inda ta kai ba. Yarjejeniyar Samoa tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashe 79 na Afirka da Karebiyan da Fasifik, ita ta gaji ta Kwatano ta shekarar 2000, Najeriya ta sa hannu a ranar 28 ga Yunin 2024. Wata babbar jarida ta buga cewa akwai sharaɗin goyon bayan masu auren jinsi a ciki, a madadin dala biliyan 150. Ministan kasafi da tsare-tsare, Atiku Bagudu, ya musanta. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce ta karanta ba ta ga haka ba. Daga baya hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta yanke cewa rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta fito ta nemi afuwa. Na yaba musu da wannan, ba kowa ke iyawa ba. Sai dai lokacin da afuwar ta fito, yarona ya fi wata biyu da barin gari, kuma waɗanda suka ji ƙarar farko ba su ji ta biyun ba.

Ba ina cewa tsoron jama'a ba shi da tushe ba ne. Matsin lamba daga waje gaskiya ne. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu wannan ɗabi'a, kuma a 2023 Bankin Duniya ya dakatar da ba Uganda sabon bashi saboda dokar hukunta masu luwaɗi da Shugaba Museveni ya sa wa hannu. Ina tare da duk shugaban da ya ce ba za a saye mu da tallafi ba. Amma in Landan ko Washinton ta matsa mana, Abuja ce za ta ba da amsa. Ɗan marainiyar mace mai ɗinkin atamfa a lungunmu ba shi ya aiko su ba.

Ku 'yan jarida ma da naku kason, kuma da girmamawa nake faɗa. A Agustan 2018 an kama mutum 57 a wani otal a Egbeda da ke Legas, aka jera su gaban kyamara, duniya ta ga fuskokinsu. Su suka ce bikin zagayowar ranar haihuwa suka je. An gurfanar da 47 a kotu, aka yi ta ɗage zama, har a Oktoban 2020 alƙalin Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa tsayawa a kanta. Labarin kamun ya cika gari, na korar ƙarar kuwa sai mai kunne a rediyo. Wa zai mayar wa waɗannan mutane aikinsu da gidajen hayarsu da mutuncin iyayensu? Haka muka ji an kama 19 a Kano a ƙarshen 2022, an kama 76 a Gombe a 2023. Kanun labarin kamu muna gani, ƙarshen shari'a ba a cika kawo mana ba. A Bauchi kuwa, a Janairun 2014, taron jama'a ne ya yi wa kotun shari'ar Musulunci ruwan duwatsu don alƙali bai yanke hukunci da saurin da suke so ba. Wanda ya jefi kotun shari'a da sunan kishin shari'a, ya sake duba abin da yake kishi.

Na san za a ce mini, to waɗanda da gaske suke yi fa? Akwai su, a nan da ko'ina, ban musa ba. Hukuncinsu na hannun alƙali, da hujja, bisa ƙa'ida, shiriyarsu kuma na hannun Allah. Su ma 'ya'yan wasu ne, akwai uwar da ta yi naƙudarsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa duniya da lahira. Lokacin da Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirarin zina, kawar da kai Annabi ya riƙa yi, daga baya kuma ya ce wa wanda ya turo shi da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Malaminmu kan tsaya a wannan wuri ya yi shiru, ya ce mana nasiha a ɓoye ake yin ta. Mutumin da ka kira gefe ka yi masa magana yana iya dawowa. Wanda ka tona a kasuwa ka rufe masa hanyar gida da ta masallaci, ka miƙa shi ga 'yan damfara masu tatsar kuɗi da barazanar tonon asiri.

Akwai kuma abin da ke ƙona mini rai. A garuruwanmu ana lalata ƙananan yara maza, almajirai da 'yan makaranta, kuma in mai laifin yana da kuɗi ko dangi sai a taru a ce a rufa, a yi sulhu, kada a ɓata sunan gida. Nan ne ya kamata a ga zafinmu, domin nan akwai wanda aka zalunta, yaro ne da ba shi da bakin kare kansa. Inda ya kamata a tona mun rufe, inda aka ce mu rufe mun tona. Haka in kishin aure ne da gaske, tela ya fi kowa sanin halin da aure ke ciki. Na ɗinka lefen da ko shekara bai yi ba matar ta dawo zawara ta kawo mini zannuwan in rage wa ƙannenta. Na san samari masu shekara 35 da tsadar akwati ta hana su aure. Gwamnatin Kano sai da ta aurar da ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023 saboda talauci ya hana mutane yi da kansu. Yarona yana cikin 'yan kaɗan da suka tara da guminsu, sisi-sisi, kuma masu cewa suna kare aure su suka rushe nasa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka samu lauya ya fassara dokar 2014 da sashe na 12 zuwa Hausa ka buga, don mutane su san inda aka tsaya su daina firgita da kowace jita-jita. In an kawo muku labarin an kama masu auren jinsi, ku tambaya wa ya gani, ku ɓoye fuskoki har kotu ta yi magana, in an sallami mutum kuma ku buga a shafin da kuka buga kamunsa. Malamanmu masu hawa mumbari, Allah Ya ƙara muku daraja, ranar da kuka yi huɗuba kan mutanen Annabi Luɗu, ku haɗa da babin ƙazafi, ku faɗa wa samari cewa danna waya a tura hoto shi ma furuci ne.

Dattijon nan da ya ce ruwa ba ya tsami banza ya zo shagona kafin azumin da ya wuce, ya ce ya gano an zalunci yaron, in roƙa masa gafara. Na ba shi lambar wayarsa na ce ya kira da kansa, ya kuma faɗa a masallaci kamar yadda ya faɗi ta farko a gaban jama'a. Ya kira. Ta masallacin har yanzu ina jira. Akwatin lefen yana nan a ɗakin ciki, atamfa shida an gama, ta bakwai an yanka ba a haɗa ba. Uwarsa kan biyo duk Juma'a in ta tashi daga suya, ta tambaye ni ko gari ya yi sanyin da zai iya dawowa, ni kuma in ce mata a ƙara haƙuri tukuna.

Wassalam.

Naka,
Wani tela mai karanta jaridarku